Takardun Rabaran a Hannun Baduku

Jos,
3 ga Mayu.

Baba Ilu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kuma gwiwar nan ta daina yi maka tsiya. Ya mutanen Dukawuya, ya zafi? Mu nan Jos ruwa ya sauka tun makon jiya. Kakata Hajiya Talatu ta ce in gaishe da ɗan baffanta, ta ce kuma ka daina wahalar da goro da haƙoran da ba ka da su.

Ni ce Shamsiyya, wadda kake kira amaryarka tun ina rarrafe. Na kira wayarka ya fi sau goma. Gambo direba ya ce kunnenka ya yi nauyi, wayar kuma tana cikin kwalla tun bara, shi ya sa na koma ga takarda.

Baba, alfarma nake nema. Ka san ina digiri na biyu a fannin nazarin addinai. Kundina a kan labarin halittar duniya ne, yadda ya zo a littafin Yahudawa da na Kiristoci. Kada ka tsuke fuska, karatu ne kawai. Malamin da ke duba aikina wani dattijo ne, Rabaran Istifanus, Hausarsa ta fi tawa. Shekara talatin yana rubuta bayani a kan wannan labari da hannunsa. A kowace takarda akwai Ibrananci a dama, Girkanci a hagu, bayaninsa da Hausa a ƙasa. Bai taɓa ba kowa aron su ba sai ni, kuma ya hana a yi musu fotokwafi.

Takardun guda ɗari da arba'in ne, na ƙirga sau biyu. A warwatse suke cikin tsohon kwalin sabulu, wasu gefensu ya fara cinyewa. Ranar talatin da ɗaya ga wata zai ajiye aiki ya koma ƙauyensu, kuma kafin ranar dole ya sa hannu a kundina, in ba haka ba sai na sake shekara guda da sabon malami. Ina so ranar da zan kai masa kundin in mayar masa da takardunsa a ɗinke cikin jar fatar Kano, irin wadda babu mai yin ta kamar kai.

Ɗinki kawai, Baba. Yadda suke a jere a kwalin haka za ka ɗinke su. Gambo zai miƙa maka kwalin hannu da hannu.

Taka,
Shamsiyya.

*

Dukawuya, Kano,
9 ga Mayu.

Amaryata Shamsiyya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Lafiya lau nake, gwiwa tana nan tana mulkinta. Zafi kuwa ba a magana, ko ƙadangare ya daina fitowa da rana. Ki faɗa wa Talatu turmin goro na saya, kuma ita ce babba, ta fara lissafa nata haƙoran.

Kwali ya iso. Kafin komai, ince dai kina salla? Na tambaya ne kawai.

Kin ce ɗinki kawai. To, a gidanmu ba a taɓa rufe littafi da fata ba sai an yi masa muƙabala, wato an karanta shi daga farko zuwa ƙarshe an tabbatar babu warƙa, wato fallen takarda, da ta ɓata ko ta tsallake 'yar'uwarta. Haka mahaifina ya yi, haka ya koya min da bulala. Wanda ya ɗinke kuskure ya zama abokin tarayya a cikinsa. Saboda haka na shimfiɗa buzu a zaure, na sa tabarau, na fara. Bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci bai gudu ba.

Rubutun Yahudawan nan ya burge ni. Daga dama yake tafiya, da ɗigo-ɗigonsa a ƙasa kamar wasali, rubutun mutunci. Ban iya karanta shi ba, amma bayanin Hausar na bi shi tiryan-tiryan. Haske a rana ta farko, sama a ta biyu, tsirrai a ta uku, har aka zo ta shida aka yi dabbobi, sannan mutum, mace da namiji tare. Na ce madalla, aiki cikin tsari.

Ina juya warƙa sai na tarar ƙasa a bushe, babu ko ciyawa, ana ƙera mutum daga turɓaya shi kaɗai. Ina matar da aka yi tare da shi yanzun nan? Ina itatuwan ranar uku? Na sake juyawa, sai ga mu mun koma rana ta huɗu ana rataye wata da taurari. Na sake juyawa, ga mutumin nan zaune ana kawo masa dabbobi yana raɗa musu suna, alhali ɗazu sun riga shi zuwa. Can kuma sai wata warƙa ta faɗo daga Linjila tana maganar Kalma. Amarya, kaina ya yi zafi, sai da na sha ruwan randa kofi biyu.

Nan take na gane abin da ya faru. Gambo ya zubar da kwalin a hanya, iska ta kwashe, ya tattara yadda ya ga dama. Da ya biyo jiya na tsare shi a ƙofar gida.

"Ina ka zubar da takardun mutane, Falgore ko Saminaka?"

"Wallahi Baba a cinyata kwalin ya zo, ko fitsari ban sauka ba."

"To wa ya halicci mutum sau biyu?"

Ya buɗe baki yana kallona, ya ce shi dai direba ne.

Laifin ba na Gambo kaɗai ba ne. Malaminku bai sa lamba a shafi ba, kuma bai rubuta kalmar farkon shafi na gaba a ƙasan kowace warƙa ba, yadda ko ɗan shekara goma a nan ya san ana yi. Mutum ya shekara talatin yana rubutu, wannan ɗan abin ya gagare shi.

Kada ki damu. Na gyara littattafan da gara ta ci rabi, balle wannan. Zan mayar da kowace warƙa gidanta. In liman ya zo wucewa ina jan buzu in rufe su, don ba ni da ƙarfin dogon bayani a zafin nan.

Angonki,
Ilu Baduku.

*

Jos,
11 ga Mayu.

Baba,

Salamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ni kam ba lafiya ba tun da na karanta wasiƙarka. Ina salla, har da walaha yau saboda kai.

Don girman Allah kada ka taɓa jerin takardun nan. Gambo bai zubar da komai ba, ka nemi gafararsa. Labarin halittar guda biyu ne a jere a cikin littafin, kuma haka yake a hannun Yahudawa, haka yake a hannun Kiristoci, domin wannan ɓangaren littafi ɗaya suke karantawa. Sun ga abin da ka gani tun fiye da shekara dubu biyu, ba su jira Dukawuya ba. Da yawansu suna cewa na farko ya ba da labarin duniya gaba ɗaya, na biyu kuma ya matso kusa ya faɗi abin da ya faru da mutum dalla-dalla. Wasu masana suna cewa marubuta biyu ne. Warƙar Linjila kuma ba faɗowa ta yi ba. Kiristoci suna karanta ta tare da labarin farko saboda da kalma iri ɗaya suka buɗe, Yahudawa kuwa ba su da ita sam.

Rabaran da gangan ya cakuɗa su. Yana ɗora rana ta uku kusa da lambun da aka sa mutum a ciki a labari na biyu, ya ɗora rana ta shida kusa da turɓaya, don mai karatu ya gwada su ido da ido. Jerin shi ne aikin nasa, Baba. Shekara talatin yana cire wannan yana soka waccan, shi ya sa bai sa lamba ba. In ka wargaza, babu wanda zai iya mayarwa, ni ma ban haddace ba.

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Bai san takardun suna Kano ba. Ya ɗauka suna cikin akwatina a ɗaki. Shekaran jiya ya tambaye ni, na ce suna nan lafiya, kuma na ji kunyar kaina. Amana ya ba ni, ni kuma na so in burge shi.

In ka riga ka fara, ka tsaya inda kake. In ɗinkin ma ba zai yiwu ba, ka mayar da su kwalin sabulunsu ka ba Gambo. Ka ji tausayina.

Shamsiyya.

*

Dukawuya,
19 ga Mayu.

Amarya,

Sallama da gaisuwa. Lafiya ƙalau, sai dai bayana ya riƙe saboda sunkuyon da na sha a kan aikinki. An yi yayyafi ranar Laraba, bai kai ya kwantar da ƙura ba.

Kwana goma ban ji daga gare ki ba, na san kin amince kenan. Albishirinki, aiki ya kammala, kuma tun da na fara riƙe basilla ban yi wanda ya kai shi daɗi ba.

Na wanke Gambo daga zargi. Da na baza warƙoƙin a tsakar zaure, na danne kowace da tsakuwa, sai na ga ba iska ba ce. Littafi biyu ne aka zuba a kwali ɗaya. Na yi shekaru ina kwafar littattafai kafin idona ya ja baya, in marubuci ya canza ina jin sa kamar yadda ake jin an canza mai tuwo. Na farko mutum ne mai tsari, irin ma'ajin kasuwa. Komai sai ya ƙirga, yamma ta yi, safiya ta yi, rana kaza, kuma "Allah" kawai yake cewa. Na biyu mai ba da labari ne, ba ruwansa da ƙirgen kwana, yana can cikin laka da koguna da itatuwa, kuma bai taɓa cewa "Allah" shi kaɗai ba sai ya haɗa da "Ubangiji". Na ware su. Na Linjila ma na ware, ya yi ɗan siriri. Kin aiko ɗaya, ga uku nan na mayar miki, kowanne da jar fatarsa da zanensa, duka a cikin tadarishi guda mai marfi, wato gidan littafi na fata. Na sa musu lamba da kalmar ƙasan shafi yadda ya kamata.

Inda na ga abin tambaya na rubuta a gefe da jar tawada, kamar yadda ake yi wa littafin duk malamin da ake girmamawa. Ba su da yawa, arba'in da bakwai ne. Ga kaɗan don ki shirya masa:

Na ɗaya, an ce an huta a rana ta bakwai. Wa ya gaji? Wannan ban yarda ba, kuma na rubuta hakan da manyan baƙaƙe.

Na biyu, in haske ya zo ranar farko, rana kuma sai ta huɗu, wane haske ne wancan? Na ga malaminku ya kawo amsar malaman Yahudu da ta malaman Kirista, kowa da tasa, shi kuma ya lallaɓa ya wuce bai faɗi tasa ba. Na rubuta masa: "Malam, kai fa?"

Na uku, littafi ɗaya suke karantawa, amma Yahudawa suna hutun Asabar, Kiristoci Lahadi. Na karanta dalilin, na gane, amma da ni ne da an zauna an sasanta.

Ba duka ne suka ba. Inda ya ce Yahudawa daga faɗuwar rana suke fara ƙirga yini, na rubuta "haka yake, mu ma haka". Inda ya ce malamansu sun yi ta muhawara a kan dalilin da littafin ya fara da harafi na biyu maimakon na farko, na yi dariya ni kaɗai har maƙwabta suka leƙo. Ashe ko'ina malamai halinsu ɗaya, a ba su harafi guda su kwashe shekara ɗari a kai. Mutumin naku yana da ilimi, ban raina masa ba. Tsari ne dai Allah bai ba shi ba.

Ilu.

Ƙari: Na gama ɗaure kaya kenan sai Gambo ya shafa aljihun ƙofar motarsa ya zaro wasiƙarki ta ranar sha ɗaya. Kwananta takwas a can tare da sifana da bawon gyaɗa. Na karanta sau biyu. Innalillahi. Zare ya riga ya shiga, tawada ta bushe. Amma ki kwantar da hankalinki, duk mai hankali in ya ga aikin nan zai gode.

*

Jos,
24 ga Mayu.

Baba Ilu,

Salamu alaikum. Ina fatan bayan ya saki. Ba zan yi doguwar gaisuwa ba, ka yi haƙuri.

Da na kwance ƙunshin na ga littafi uku, zama na yi a ƙasa. Kyau kam sun yi kyau, har 'yar ɗakinmu ta ce ko na sarki ne. Na buɗe na ga jar tawada ko'ina kamar an yanka kaza a kai. Kwana biyu ina zagaya ofishin Rabaran ban shiga ba. Jiya na ce in ma mutuwa ce gara a yi ta da rana, na ɗauki kundina da tadarishinka na ƙwanƙwasa.

Na faɗa masa komai a tsaye, ban rage ba. Ya buɗe na farko, ya gyara tabarau, ya kai fuskarsa kusa da jar tawadar.

"Wane ne wannan yake ce min 'kai fa'?"

"Kakana ne, ranka ya daɗe. Baduku ne a Kano."

"A ina ya yi karatun tauhidi?"

"Ajin yaƙi da jahilci ya yi."

Ya duba yadda ka raba na farko da na biyu, ya bi wurin da ka yanka da yatsa. Ya ce masana a Turai sun daɗe suna gardama kafin su tsaya a kan wannan layin, kai kuma ka same shi da tsakuwa a zaure. Har ya fara dariya, kafaɗunsa suna rawa. Na ce a raina na tsira.

Sai na ga dariyar ta tsaya. Ya koma littafi na biyu yana juya shafi da sauri, ya kai ƙarshe, ya dawo farko. Ya ɗauki na ɗaya, ya ɗauki na uku, ya girgiza tadarishin a kan tebur.

"Akwai takarda ɗaya," ya ce. "Ina take?"

Na ce wacce? Bai faɗa ba. Na ƙirga lambobinka a gabansa: sittin da biyu, hamsin da takwas, goma sha tara. Ɗari da talatin da tara. Ni kuma ɗari da arba'in na aiko maka.

Baba, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi jerin da ya ɓata ya ɓata, jar tawada ma ba komai, amma wannan takardar da ya tuna tana cikin kwalin da bai ba ni aron ba. Ya tura min kundina gefen tebur bai buɗe ba, ya ce in ja masa ƙofa.

Yau saura kwana bakwai ya tafi. Shekarar da zan rasa tana damuna, ba zan yi maka ƙarya ba, amma abin da ya fi ci min rai shi ne dattijon nan ya yarda da ni, na yi masa asarar abin da ban ma san mene ne ba. Ka duba ƙarƙashin buzu, ka duba bayan randa, ka tambayi duk wanda ya shiga zauren. In akuya ce ta ci, ka faɗa min gaskiya in san abin da zan ce masa. Na ce wa Gambo in ya sake ajiye wannan a aljihun mota, ni da shi sai a gaban alƙali.

Shamsiyya.

*

Dukawuya,
27 ga Mayu.

Shamsiyya,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Gambo ya kawo wasiƙar a guje ko motar bai kashe ba, kin iya tsorata mutum.

Akuya ba ta shiga zaurena. Shekara hamsin da ɗaya ina wannan sana'a, warƙar mutum ba ta taɓa ɓata a hannuna ba, kuma ba za a fara da ta Rabaran ba. Takardar tana ofishinsa. Tun ranar da kika kai masa tana gabansa.

Ki ce ya buɗe marfin tadarishin, ya sa yatsa ta ciki a gefen dama, inda fatar ta ninku. Akwai aljihu a wurin. Duk tadarishin da ya fita daga gidanmu yana da shi, nan malamai suke ajiye wasiyya da ranar haihuwar 'ya'yansu da abin da ba na idon almajirai ba. Na ɗauka duk wanda ya kai shekarunsa yana harka da littafi ya san nan ake fara dubawa. Ashe ku a jami'a ba a koya muku komai.

Ga dalilin da ban ɗinke ta da sauran ba. Ina cikin rabon warƙoƙi na zo kanta. A sama ya kwafo wurin da aka ce zaman mutum shi kaɗai bai yi kyau ba, a labari na biyu, kafin a yi masa mata. Na ɗaga alƙalami, don ina da tambaya a nan ma. Sai na ga abin da ke ƙasa ba bayani ba ne. Wasiƙa ce ya rubuta wa matarsa Rifkatu, wata uku bayan rasuwarta. Ba zan kwashe miki duka ba, ba naki ba ne, ni ma da na san abin da ke ciki da ban karanta ba. Abu ɗaya zan faɗa. Ya ce ya shekara ashirin yana koya wa ɗalibai wannan wuri da Ibrananci da Girkanci, bai fahimce shi ba sai ranar da ya haɗa shayi kofi biyu, ya zauna yana kallon ɗayan yana hucewa.

Na ajiye alƙalamin. Ranar ban ƙara taɓa aiki ba.

Kin san bara war haka muka kai tsohuwar gidan nan, uwargidana, makwancinta. Ku kuna Jos, kun aiko da ta'aziyya, na gode. Abin da ba ku sani ba, har yau in na dawo daga masallaci na sa ƙafa a soro sai na ce "a kawo ruwa", sannan in tuna. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ke ma don ya zama dole ne. Zaman aure na shekara arba'in da shida ba wasa ba ne, kuma ina kewarta ƙwarai.

To ki gaya min, in ɗinke wannan a tsakiyar littafi, in buga mata lamba, ɗalibai su riƙa lasar yatsa suna juya ta? Ba ta cikin na farko, ba ta cikin na biyu, ba ta cikin na uku. Na yanka mata 'yar fata mai laushi, na naɗe ta, ban ɗinke bakin ba don ya riƙa buɗewa. Ban ambata miki ba saboda irin wannan ba a shelarsa.

Batun jerin da na wargaza, na yi laifi. Kin ce ɗinki kawai, na ji, na bi ra'ayina. Ki ba shi haƙuri da bakina, ki ce laifin tsoho ne, kada ya huce a kan yarinya. Amma maganar hutun rana ta bakwai ina nan a kan bakana.

Kakanki,
Ilu.

*

Jos,
30 ga Mayu.

Baba,

Salamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da gwiwa da baya. Ni yau na ci abinci har na ƙara.

Wasiƙarka ta same ni jiya da hantsi, ban ko ɗaura ɗankwali daidai ba na ruga. Na tarar ana kwashe kayan ofishinsa, littattafai duk a kwali, shi kuma yana zaune da tadarishinka a cinya. Na ce ya sa yatsa a gefen dama. Ya laluba, ya zaro 'yar fatar, ya buɗe ta kaɗan ya leƙa, ya mayar. Ya juya kujerarsa ya fuskanci taga. Ni da masu ɗaukar kaya muka fita muka tsaya a baranda kamar minti goma.

Da ya kira ni ya tambaya ko na karanta takardar. Na ce a'a, kai kaɗai ka gani. Ya ce me ya sa ka ware ta, sai na karanta masa wasiƙarka. Ka yafe min, har wurin ruwan na karanta.

Ya sa hannu a kundina, Baba. Amma sai da ya wanke ni tas. Ya ce jerinsa na shekara talatin ya tafi, ba shi da sauran ƙarfin sake shi, kuma wannan bai gama yafe min ba tukuna. Ya ce in na zama malama kada in kuskura in ba ɗalibi aron komai.

Ga saƙonka. Ya ce kalmar da aka fassara da hutu a Ibrananci tana nufin dakatawa daga aiki, ba gajiya ba, kuma shi ma bai yarda Allah yana gajiya ba, don haka ka sauko daga kan bakanka. Sauran arba'in da shida zai amsa su ɗaya bayan ɗaya daga ƙauye, tunda yanzu ba shi da aikin yi. Ya karɓi lambar Gambo. Ya ce kuma tambayar haske ka cuce shi, shekara talatin yana ɓuya mata.

Na tattara kundina zan fita, na kai ƙofa, sai ya ce, "Shamsiyya, ya sunan matar Malam Ilu?"

Na ce Halima.

Ya maimaita sau biyu a hankali, don kada ya manta.

Jikarka,
Shamsiyya.